Maganin Baffa da Tsofaffin Mungadi

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da ƙanwata mai aikin jinya, da direban da muka ɗauko shata. Baba ne ya aike mu. Ranar da ta gabata wani ɗan garinmu ya kira shi ya ce yayansa, Baffa, sati uku ke nan da babur ya faɗo masa a ƙafa yana ɗauke da buhun albasa, an kai shi Aliero wajen mai ɗori. Sati uku, babu wanda ya ga ya dace a faɗa mana. Halin mutanenmu na ƙauye ke nan, sai abu ya lalace sannan su tuna suna da 'yan uwa a birni, wai ba sa son su tayar mana da hankali.

Baba da Baffa uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma ciwon suga ya kama su kusan lokaci guda. Baba ya yi boko, ya yi aikin gwamnati har ya aje, duk wata likita na ganinsa. Baffa bai taɓa barin gona ba. Shekara uku ke nan Baba yana sayen magani kwali biyu duk farkon wata, ɗaya nasa, ɗaya a ba direbobin tasha su kai wa Baffa garinmu Mungadi. Da wannan muka kwantar da hankalinmu. A mota ƙanwata ta ce rauni a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, amma tunda yana shan magani, in Allah ya so ƙafar za ta tsira.

Hanyar ba ta da laifi har Shagari, daga nan direba ya fara rawa da sitiyari yana kauce wa ramuka, yana zagin tsadar fetur kamar mu muka ƙara kuɗin. A Tambuwal muka karya da waina. Na tambayi mai wainar ko kaskon ne ya tsuke, don na san ta da girma fiye da haka. Ta ce in je in tambayi masu shinkafa.

Tun kafin mu shiga Aliero warin albasa ya tarbe mu. Lokacin cira ne, buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci suna lodi, rana kuma tun hantsi ta fara dukan tsakiyar kai. Gidan mai ɗorin ba ya ɓata, kowane ɗan kabu-kabu mai haya da babur ya san shi. Mutane ne kwance a rumfa jere, ƙafafu da hannuwa ɗaure da karare, yawancinsu haɗarin babur. Na zo da shirin faɗa, don a raina na riga na ɗora masa laifi. Sai na tarar da dattijo mai natsuwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Baffa ya kwana goma da barin gidansa. Ƙashi ya kama, in ji shi, amma naman ya ƙi rufewa, shi kuma aikinsa ƙashi ne. Ya kwance ɗaurin da hannunsa ya ce su wuce asibiti kai tsaye. Maimakon haka sai suka nufi gida, don ba a gama cirar albasa ba, kuma babu wanda zai zauna jinya a birni. Na ji kunyar dattijon nan, na ba shi haƙuri muka fito.

A Jega muka tsaya wani kemis ƙanwata ta sayi bandeji da safar hannu. Gabanmu wata tsohuwa ce da kwaryar nono a kai, tana neman maganin hawan jini. Mai kemis ya ɗauki almakashi ya yanko mata ƙwaya biyu daga kati, ta ƙulle a bakin zane. Ƙanwata ta kasa haƙuri ta ce mata ai wannan kullum ake sha. Tsohuwar ta ce ita sai ranar da kai ya sara take zuwa. Tsallaken titi kuwa asibitin kuɗi ne, da janareto yana ruri, wani alhaji yana fitowa daga mota an riƙe masa lema. Muka haye gada, masu kifi suna ɗaga mana tire, babu wanda ya ji sha'awar ci.

Mun isa Mungadi, ta ƙasar Maiyama, bayan azahar. A zauren gidan muka tarar da tsofaffi biyar zaune a tabarma, abokan Baffa na masallaci, suka amsa sallama da fara'a. Inna, matarsa, ta turara ɗakin da turaren wuta har ido na yaji, amma turaren bai rufe abin da take son ya rufe ba. Tun daga ƙofa na san ƙafar nan ta tafi. Da ƙanwata ta yaye zanen sai na juya na kalli bango. Yatsun sun yi baƙi, baƙin ya hau har ƙauri. Baffa kuwa gaisuwa yake, yana tambayar Baba da yara ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa Inna faɗan ba ta dama mana fura ba.

Ƙanwata ta soke masa yatsa ta auna sugansa, ta dubi na'urar, ta sake aunawa. Ta ce a kawo mata maganin da ake aikowa. Inna ta ɗauko wani gwangwanin madara daga kan jere, ta buɗe. Ranar tara ga wata ce, amma babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Ƙanwata ta tambaya ko direbobi ne ba sa kawowa.

Baffa ya ce, "Suna kawowa, ɗiyata, ba su taɓa tsallake wata ba. Rabawa ni kai."

Ashe tun kwalin farko, ranar da ya iso, Baffa ya ɗauka ya kai zaure. A garinmu abin da ya zo daga birni tsaraba ne, ko sabulu ne ko dabino, kuma dattijon kirki ba ya kulle tsaraba a ɗaki. Waɗannan biyar ɗin duk suna fama da ƙishirwa da yawan fitsari irin nasa, babu wanda aka taɓa aunawa a cikinsu. Sai ya riƙa kasa maganin kashi shida, kowa ƙwaya biyar. Kwana biyar su sha, sauran kwana ashirin da biyar su jira wata ya kama. Haka aka yi shekara uku, mu muna Sakkwato muna yabon kanmu da zumunci.

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce masa magani ba goro ba ne, na ce ya kashe ƙafarsa da hannunsa, na faɗi abubuwan da har yanzu nake istigfari a kansu. Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya dube ni.

"Ka gama? To ji nan. Ni da su munka tashi, sahu guda muka sallah. Ciwo guda na gare mu. Ni Allah ya ba ni ƙane birni, su ba su da kowa. In shige ɗaki in sha ni ɗai, in hito in zamna cikinsu? Da wane ido?"

 Ƙanwata ta fita tsakar gida ta yi kukanta ta dawo.

Tsofaffin nan su suka taya mu ɗaukarsa zuwa mota, duk da ɗaya ba ya gani sosai, ɗaya kuma ƙafafunsa sun kumbura ba sa shiga takalmi. Inna ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta. Direba ya tayar da mota ke nan mai ciwon idon ya laluba ya kama gilashin gefena, ya rage murya don kada Baffa ya ji. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, Allah ya saka wa Baba. Sannan ya ce, "Namu hwa, ɗiyana? Wa za a aiko ma shi yanzu?" Na ce masa za mu duba, irin maganar da ake yi in ana son mota ta tashi.

Muka kamo hanyar dawowa. Kowane rami muka faɗa sai Baffa ya cije leɓe ya yi salati, direban da ya cika mu da surutu da safe ya koma tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Mun shiga Sakkwato gab da magariba, muka wuce asibiti. Likita bai ɗauki lokaci ba. Kwana biyu bayan nan aka yanke ƙafar, sama da gwiwa.

Da na faɗa wa Baba inda maganin ke tafiya, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa biyu cikin safa, sannan ya ce da shi aka bari a gona, abin da zai yi ke nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai yi mini daɗi ba. Na ɗauka ciwo jini yake bi, sai na ga har da inda mutum ya zauna da wanda ya sani. Mun aika kwali ɗaya cikin garin da ke buƙatar asibiti, ba mu taɓa zuwa mun ga yadda ake shansa ba, ba mu taɓa zama mun yi masa bayani ba. Na kira Baffa da rashin sani, alhali ni ma ban san kome ba game da zauren da yake zama.

Yanzu yana gadon asibiti, ma'aikatan jinya ke ba shi magani safe da yamma. Jiya ƙanwata ta ce sugan ya ƙi sauka yadda ake so, sun rasa dalili. Da ta je gyara masa matashi sai hularsa ta faɗo, ƙwayoyi suka watse a ƙasa. Na safe yake haɗiyewa, na yamma ya ɓoye. Ta durƙusa tana tsincewa, shi kuma yana roƙonta kada ta zubar, wai Juma'a akwai mai zuwa Mungadi.