Ruwan da Ba Ya Jiran Damina

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Peckham ta London a shekarun da kuɗin fetur ke ambaliya ya san Baba Dalyop. Gajere ne, siriri, kullum yana tafiya kamar an aike shi. Aikinsa tura gadon marasa lafiya a wani asibiti da ke kudancin London, daga ɗakin jinya zuwa ɗakin tiyata, tun safe har yamma. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Bukuru, kuma kafin ya zo Ingila ya shekara goma sha ɗaya yana jan sarƙar awo a bayan masu safiyo na kamfanin kuza. Baturen da ya kawo shi a matsayin kuku ya mutu a shekara ta uku, matarsa ta sayar da gida, Dalyop kuwa ya ce bai tara abin da zai koma ya nuna ba tukuna. Wannan tukuna ɗin ce ta kai shi shekara goma sha huɗu.

Abu biyu yake taƙama da su: gudu da sanin ruwa. Gudun dai a tsaunin garinsu ya koya. Sanin ruwan kuwa gadon mahaifinsa ne, wanda ya koya masa cewa mai tsallaka rafi ba ƙafarsa yake kallo ba, tsaunin da rafin ya gangaro yake kallo. In ka hango hadari can, to ko rana na dukan ƙeyarka kada ka shiga. In kuma kana shakka, ajiye dutse a bakin ruwa ka jira ka gani. Da wannan ilimin ya taɓa hana tawagar safiyo guda tsallaka wani busasshen rafi, Bature na ta faɗa, kafin a gama faɗan sai ga ruwa ya taho da kututture a kai. Labarin nan ba ɗalibin da bai ji shi sau biyar ba.

Ɗaliban su ne gwamnati ta riƙa juyewa a London jirgi-jirgi. Su sayi kwat, su sayi rediyo mai faifai, su bi soyayyen dankali da kaza, kafin shekara tumbi ya riga su shiga ɗaki. Abin ya dami Dalyop ƙwarai. Sai ya fara tattara su ran Lahadi in ya taso daga coci, su zagaya filin Peckham Rye da gudu. Ƙungiyar ba ta da suna, ba ta da shugaba a takarda. Doka ɗaya ce, kuma tasa ce: wanda ya fi kowa gudu shi ke tsaron baya. Saboda haka ba a taɓa ganin Dalyop a gaba ba.

A shekarar 1976 aka yi wani fari da Turawa suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Makonni ba ɗigon ruwan sama, ciyawar filin ta ƙone ƙurmus. Saura mako uku azumi, Zailani, mai karatun likita, ya zo da taswira ya ce su je bakin teku su yi gudun bankwana a kan wasu tsaunukan alli. Mutum huɗu suka ce za su: shi, da Dalyop, da Kambai mutumin Kafanchan mai koyon gyaran jirgin ƙasa, da Maharazu. Maharazu Bakatsine ne mai karatun haɗa magunguna, ya fi kowa nauyi, wata biyu kacal da fara gudu. Matarsa Saudatu na da cikin wata takwas, ba uwa ba ƙanwa a kusa.

Ran Asabar da safe ta rako su har bakin matakala, hannunta a ƙugu.

"Baba, mutumin nan ko hawa benen gidanmu sai ya huta sau biyu," in ji ta. "Amana na ba ka. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi."

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji Dalyop. "Yadda na ɗauke shi haka zan dawo miki da shi. Tumbin kawai zan rage."

Jirgin ƙasa ya sauke su a Seaford wajen hantsi. Tsaunin farko kaɗai ya ishi Maharazu. Hanya ce siririya a kan gaɓa, ƙaya a hagu, a dama kuma ba komai sai iska da tsuntsaye, can ƙasa teku. Da suka gangaro inda wani ɗan kogi ke shiga teku, rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa na fito. Suka tsallaka kogin, ruwa iya idon sawu. A gabansu ga tsaunuka bakwai a jere, a hau a sauka, a hau a sauka. A ƙarƙashinsu kuwa, tsakanin farin bangon alli da teku, ga fili shimfiɗe, dutse da tsakuwa, ruwan ya ja can nesa. Taswira ta nuna akwai matakala a ƙarshensa, mil biyu da wani abu.

Dalyop ya dubi tsaunukan, ya dubi Maharazu, ya ji tausayi. Sannan ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa. Ya juya wa teku baya ya ƙare wa sararin tudu kallo, gabas da yamma. Ko ɗan tsinken girgije babu.

"Ƙasa za mu bi," in ji shi. "Wata biyu ba a yi ruwa ba. Kogin da ke ciyar da tekun ma ga shi ya ƙafe. Wannan ruwan ba inda za shi sai damina."

Kada a ce bai taɓa ganin kogin London na cika yana raguwa ba. Ya sha gani ta tagar bas, amma ya ɗauka Turawa ne ke buɗe dam suna rufewa, kamar yadda ake yi a dam ɗin kuza. Zailani kuwa ya buɗe baki, don wani darasin labarin ƙasa na aji uku ya faɗo masa a rai, wanda ya haddace domin jarrabawa ya watsar. Amma ya tuna abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, sai ya rufe bakinsa. Maharazu ma ya tuna, ya dubi tsaunuka bakwai, ya ga shirun ya fi masa sauƙi.

Filin da suka gani sumul daga nesa ashe ganin kitse suka yi wa rogo. Dutsen duk gansakuka ne, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, da ramuka cike da ruwa. Gudu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma lallaɓawa. Sun yi kusan rabi sai ƙafar Maharazu ta zurma tsakanin duwatsu biyu, ya faɗi da salati. Zailani ya duba ya ce targaɗe ne, mai tsanani, ya yage rigarsa ya ɗaure idon sawun.

Suna cikin ɗaurin ne Dalyop ya ji ƙarar ruwan ta sake. Ba shakka yake ba, hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba: ya ɗauki farin dutse kamar kan mutum, ya ajiye taku uku daga bakin ruwa. Ya dawo ya ba Maharazu ruwan sha, ya ɗaure masa takalmi a wuya. Da ya waiga, dutsen babu shi.

Ya sake duban sama. Rana tarwai. Ya waiga inda suka fito, ya ga ruwa na dukan gindin bangon da suka wuce ɗazu da busasshiyar ƙafa. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, don ruwan da ya sani yana da dalili, wannan kuwa tahowa kawai yake.

"Likita," ya ce wa Zailani a hankali, "me ke kawo shi?"

"Tide ne, Baba, cikar teku. Sau biyu yake cika kullum." Zailani ya sunkuyar da kai. "Na so in faɗa."

"Ina yake tsayawa?"

Zailani ya nuna bangon alli. Akwai wani koren layi a jikinsa, ya fi tsawon mutum da hannunsa a miƙe. Bangon kuwa a tsaye yake cak, in ka kama shi ya marmashe a hannunka.

Dalyop bai tsaya zargin kowa ba. Ya ce Zailani da Kambai su sheƙa su nemo mutane da igiya. Kambai ya ce ba za su bar su ba, Dalyop ya daka masa tsawar da bai taɓa yi wa kowa ba, suka ruga. Sannan ya durƙusa a gaban Maharazu ya ce, "Hau."

"Baba, na ninka ka a nauyi."

"Na ɗaga waɗanda suka fi ka, kuma su ko taimaka min ba sa yi. Hau, Malam."

Ya goya shi. Taku ɗari ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗauka. Filin sai tsukewa yake. Ruwan da ke can nesa ya zo yana lasar takalminsa, sannan ƙwaurinsa, da sanyin da ke shiga har ɓargo duk da zafin ranar. Daga cikinsu ba wanda ya iya iyo. Maharazu na ta hailala a kunnensa, shi kuma yana karanta Zabura ta ashirin da uku a zuci, yana kai tsakiya ya ɓata ya koma farko.

Suka iso inda bangon ya turo hanci cikin teku. Bayan wannan hancin matakalar take, amma ruwa ya riga ya cinye hanyar, igiyarsa na tahowa ta daki alli ta koma da tsakuwa tana ƙara. Maharazu ya zame daga bayansa ya zauna a kan wani dutse.

"Ka tafi, Baba. In ka je ka ce wa Saudatu, in namiji ne a sa masa sunan mahaifina."

"Kai za ka faɗa mata. Yi min shiru in ji."

Dalyop ya tsaya yana kallon ruwan, ruwan na hawan cinyarsa. Bai san teku ba, amma ya san kallon ruwa. Ya lura manyan igiyoyin tare suke zuwa, uku ko huɗu, sannan a ɗan lafa. Ya bari suka wuce sau biyu don ya tabbatar, ko da yake kowane jira ƙarin ruwa ne. A na uku ya ce, "Hau. Ko na nutse kada ka sake ni, ni ma ba zan sake ka ba."

Ruwan ya kai masa ƙirji, ya kai wuya. Yana laluben dutse da yatsun ƙafa, hannu ɗaya a jikin alli, ɗaya riƙe da cinyar Maharazu. Saura kaɗan su karya kwana lafawar ta ƙare. Igiyar ta rufe su gaba ɗaya, ta maka su da bango, gishiri ya cika masa hanci, ƙafarsa ta bar ƙasa. Bai saki ba. Da ta koma sai ya ji dutse a ƙarƙashin gwiwarsa, ya yunƙura, ya ji ana kiran sunansa. Kambai ne a cikin ruwa iya ƙugu, igiya ɗaure a cikinsa, Zailani da wasu Turawa biyu riƙe da ɗaya bakin.

A saman matakalar wata tsohuwa mai sayar da shayi, Margaret, ta lulluɓe su da bargo tana ta faɗa. Ta ja Dalyop ta nuna masa allon da aka rubuta lokutan cikar ruwa, ta ce ko jikokinta sun san a duba shi. Dalyop ya daɗe a gaban allon, haƙoransa na kaɗawa. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Da la'asar sakaliya suka iso Peckham, kuma a bayansa Dalyop ya hau da Maharazu bene hawa uku. Saudatu ta buɗe ƙofa ta ga mijinta fari fat da alli, ƙafa a kumbure. Tun kafin ya zauna Maharazu ya fara ba da labari: yadda Baba ya goya shi, yadda Baba ya karanci ruwa. Ta juyo da hawaye za ta durƙusa, Dalyop ya hana ta.

"Kada ki gode min, 'yata. Ni na shigar da shi. Yaran nan sun sani, girmana ya rufe musu baki."

Ta dube shi. Ta ga goshinsa a fashe, tafin hannunsa duk a saɓule.

"Da ruwan ya fi ƙarfinka fa, Baba?"

"Da ba ki ga ko ɗayanmu ba," in ji shi. "Ba zan hawo matakalar nan ni kaɗai ba."

Ta shiga ciki ta ɗora ruwan zafi, ta fara wanke hannun Dalyop kafin ta taɓa ƙafar mijinta.

Bayan salla aka koma gudu a filin Peckham Rye. Dalyop na nan a baya kamar kullum, amma ba a sake jin labarin busasshen rafi a bakinsa ba. Doka ta zama biyu. Kafin a ɗaga ƙafa sai ya tsaya a gaban wanda ya fi kowa ƙuruciya, ya cire hularsa, ya ce, "Me ka sani wanda ban sani ba?" Kuma ba a tashi sai an ba shi amsa.