Ranar da Na Hau Motonsa

Mu Kirista gida kaɗan ne a ƙauyenmu, tsakanin Yekuwa da Sassumbrum. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka mai rufin kwano, idan ana ruwa ba ka jin muryar fasto. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne. Rijiyarmu ɗaya, muna zuwa sunansu, su ma suna zuwa namu.

Maigidana manomi ne, mutum mai tafiya a hankali kamar yana sauraron wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Wata ranar kasuwar Sassumbrum, farkon damina, ya fita da hantsi yana jan bunsuru zai sayar. Ina tsaye ina sheƙar gero sai na ga bunsurun ya shigo gida shi kaɗai, igiya tana ja a ƙasa. Har na yi dariya, na ce ya kuɓuce masa. Ban gama ɗaure shi ba mutane suka yi sallama.

Wani saurayi ɗan kabu-kabu ne, suna tsere da abokinsa a kan moto, wato babur, ya buge maigidana ta baya a wata kwana mai yashi. Ya tsaya, ya duba, sa'an nan ya ta da motonsa ya gudu. Masu amalanke ne suka tsince shi suka nufi likita da shi, ya cika a hanya.

Kwanakin zaman makoki ban riƙe su sosai ba. Ina tuna farin mayafai, da ƙamshin ƙasa, da liman ɗin ƙauyenmu zaune kusa da fasto a inuwar itacen bedi. Daga baya aka kira ni Magariya wurin jandarma. Ashe uban saurayin ne da kansa ya kama hannunsa ya kai shi. Muka tafi da ƙanen maigidana da fasto. Na ga saurayin zaune a ƙasa, siriri, kansa tsakanin gwiwoyi. Babban jandarman ya tambaye ni abin da nake nema.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yafe masa."

Ya dube ni ya ce, "Hukuma tana da nata haƙƙi, uwargida."

Na ce, "Na sani. Nawa nake faɗa."

Aka ɗaure shi na wani lokaci. Mutane suka yi ta yabona har kunya ta kama ni, domin bakina ne kawai ya yi maganar. Tun ina yarinya aka koya mini cewa wanda aka gafarta masa da yawa ba shi da ikon riƙe ɗan'uwansa, kuma Almasihu ya roƙa wa masu kashe shi gafara alhali suna cikin aikin. Na san wannan kamar yadda na san hanyar rijiya. Amma ran Lahadi, idan aka zo wurin addu'ar da muke roƙon Uba ya yafe mana gwargwadon yadda muke yafe wa wasu, sai in ji leɓunana sun tsaya. Kowa ya wuce, ni in tarye su a gaba. Bugun bai dame ni kamar gudun ba. Ya ga mutum kwance da rai, ya bar shi.

Uwar saurayin ta zo gidana sau ɗaya bayan girbi, da ƙwaryar wake. Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa, amma ban dubi fuskarta ba. Ƙafafunta kawai na sani, masu kaushi kamar nawa.

Matar fasto, tsohuwa ce mai ƙarancin magana, ita ta lura da shiruna a majami'a. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na faɗa mata komai, ina jiran ta yi mini faɗa.

Ta ce, "Ɗiyata, akwai mutumin da na yi shekaru ina yafe masa. Kullum da safe sai in tarar abin ya dawo, sai in sake."

Na ce, "To, Inna, wanda na faɗa a Magariya ƙarya ke nan?"

Ta ce, "A'a. Shi ne na fari. Ki riƙa sa sunan yaron a addu'a, ko ba ki so."

Na gwada. Da fari sunan yana fitowa kamar ina tauna tsakuwa. Damina ta wuce, wata ta zo. Ban san ranar da ya daina yi mini nauyi a harshe ba.

Bayan shekaru, wata ranar kasuwa na je Sassumbrum sayar da kuka da kuɓewa busasshiya. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, masu amalanken ƙauyenmu kuwa sun riga sun tafi. Na isa inda ƴan kabu-kabu suke tsayawa, moto ɗaya ya rage. Mai shi ya juyo. Ya yi ƙiba kaɗan, ya ajiye gemu, amma na gane shi, shi ma ya gane ni. Ya sauka ya durƙusa.

Ya ce, "Inna, bari in nemo miki wani."

Na dubi hadarin, na dubi hanya. Na ji bakina ya ce, "Tashi. Kai za ka kai ni."

Ya ɗaure kwandona a gaba, na hau. Ban taɓa ganin mai moto yana tafiya a hankali haka ba. Gero ya kai kafaɗa a hagu da dama, iska tana kwantar da shi yana tashi kamar ruwan tafki. Hasken ya koma rawaya, irin wanda yake sa komai ya zama kamar an taɓa ganinsa a barci. Balbelu suka ƙetare gabanmu, farare fat a jikin hadarin. Ina jin ƙamshin ruwan da ake yi a wani gari. Na rasa inda zan sa hannuna, ƙarshe na kama gefen rigarsa da yatsu biyu.

Da muka zo kwanar, ya kashe moton ba tare da na ce ba. Wurin ba shi da wata alama, yashi ne da sabara, da sawun shanu.

Na ce, "Me ya sa ka gudu?"

Ya ce, "Ya buɗe ido ya dube ni, Inna. Ba da fushi ba. Na kasa tsayawa. Har yau ina ganinsa."

Na yi zaton in na ji amsar nan zan ƙone. Sai na tarar tausayinsa nake ji, shi da ya ɗauki wannan kallon shi kaɗai duk shekarun nan. Na yi kuka, shi ma ya yi, kowa yana duban gefensa na gona.

Na ce, "Ɗana, na yafe maka. Na faɗa a gaban jandarma, amma kai ban taɓa faɗa maka ba."

Ba zan ce daga ranar ciwon ya tafi ba. Maigidana bai dawo ba, kuma akwai safiyar da nake farkawa da ɗaci. Amma yanzu idan na tuna saurayin, mutum nake gani, mai uwa da mata da ƴaƴa.

Muna isa ƙofar gida ruwa ya tsuge. Na ce ya shigo da moton zaure ya fake. Ya zauna a takure, yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Can ya ce a hankali bai yi sallar la'asar ba. Na cika masa buta, na kawo tabarma mai tsabta na shimfiɗa, na nuna masa gabas. Sa'an nan na shiga ciki na dama masa fura.