Tukunyar da Aka Tono a Ramin Salga

Lokacin da na tashi gina gidana a Gashuwa ina koyarwa ne a wata makarantar sakandare. Fili na samu a bayan gari, a kan wani ɗan tudu mai kallon fadama, na kuma zaɓe shi ne don ruwa ba ya hawa wurin in kogi ya cika. Ɗaki biyu na fara yi da katanga, muka tare ni da matata da yara. Bayan damina ɗaya na ga ya kamata a haƙa wata salga a kusurwar gidan, saboda baƙi.

Wani dattijo na ba aikin, mutumin da ya daɗe yana haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Jakusko. A rana ta uku na dawo daga makaranta da azahar na tarar da shi zaune a bakin rami, ya ajiye diga. A gefensa, kan tulin ƙasa, ga wata tukunya, girmanta bai kai randa ba amma ya fi tulu. Diga ta ɓalle mata gefen baki har zuwa ƙasan wuya.

"Malam, a kife na same ta," in ji shi. "Can ƙasa, inda ramin ya wuce tsawona. Babu komai a ciki sai ƙasa. Ga kuma waɗannan."

Ya buɗe hularsa. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne na gasasshen yumɓu guda tara, kowanne kamar ƙaramin goro, da huda a tsakiya. Na tambaye shi ko a ƙarƙashin tukunyar suke. Ya ce bai sani ba, a cikin ƙasar da ya watso waje ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Matata ta fito ta tsaya daga nesa. Da ta ji kalmar a kife, sai ta ce kada a shigar mata da ita ɗaki, domin ba a binne tukunya a kife don alheri. Na ce mata mai sammu ba zai haƙa ramin da ya fi tsawon mutum ba, kuma kafin mu zo babu wanda ke zaune a nan balle a yi masa. Ta ce ta ji, amma dai a bar ta waje. Na aika aka tambayi limamin unguwa, ya ce in ba a ga ƙashin mutum ba a ci gaba da aiki. Ba a gani ba. Aka gama ramin, aka rufe shi da siminti. Tukunyar kuwa na kwantar da ita a jikin katanga kusa da akurki, na zuba dunƙulen a gwangwanin madara na ajiye a kan kabad.

Maƙwabcina wani tsoho ne mutumin Dagona, masunci, ya dawo gari wurin ɗansa amma bai bar zuwa ruwa ba. Hausarsa tana da nauyin harshen Bade. Da labari ya kai masa, ya shigo bayan la'asar ya ce in nuna masa. Tukunyar bai kula ta sosai ba. Dunƙulen ne ya zube a tafin hannunsa ya yi ta juyawa.

"Wannan ai namu ne," ya ce. "Nauyin koma ne. A gindin raga ake jera su don ta nutse. Kafin a samu dalma, da irin wannan kakannina suke kamun kifi. Na ga saura a wurin kakana ina yaro."

"Baba, ka tabbata?"

"Ba ni biyu ka gani."

Na ba shi. Washegari ya kira ni gidansa, ya nuna mini ya zura igiya ya ɗaure su a gindin komarsa, tsakanin dalma da dalma. Sun zauna daidai kamar don wurin aka yi su. Ya ce ke nan tudun nan garin masunta ne a da, kuma ya daɗe yana faɗa wa 'ya'yansa cewa kogi a nan kusa yake bi kafin ya janye. Ban karɓi biyun ba, shi ma bai yi maganar mayarwa ba.

Ƙarshen wata na tafi Nguru gaida Gwaggo, yayar mahaifina. A hannunta na yi firamare. Ginin tukwane ne sana'arta tun tana budurwa, ko da yake a lokacin ta kusa bari, don ido ya yi rauni, kuma robobi sun cika kasuwa. Na sa ɓallen bakin tukunyar da dunƙule uku a aljihu, ba don wata manufa ba, sai don in samu abin hira da ita.

Na same ta a inuwar rumfa. Bayan mun gaisa ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na miƙa mata tsingaron. Ba ta kai shi kusa da ido ba. Ta shafa bayansa da babban yatsa, ta shafa ciki, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta kara a kunne ta sake ƙwanƙwasawa.

"A ina ka samo wannan?"

Na ba ta labari.

"Ya gasu," ta ce. "Wadda ta gina tukunyar nan ta san wuta. Yumɓun kuma da dakakken tsingaro ta haɗa shi, ba da ƙaiƙayi ba. Taɓa nan. Wannan zanen igiya ce ta murɗa ta gangara a kai tun yana ɗanye."

Na taɓa. Ni dai layuka na ji.

"Kuma bahaguwa ce."

Na yi dariya na ce ta yaya ta sani. Ta kama yatsuna ta sa a cikin tsingaron, inda wuya ya haɗu da jiki. Akwai wasu 'yan lotse-lotse huɗu a jere. Ta ce in gwada da hannun dama. Yatsuna ba su zauna ba. Na gwada da hagu, suka zauna, sai dai nawa sun fi girma. Ta ce hannun da mace ta fi ƙarfi da shi shi ke matse wuya, kuma wannan ba ta tsaya ta goge sawun yatsunta ba, ko dai tukwane sun yi mata yawa a ranar, ko goyo na kuka. Ba ni da hanyar gane gaskiyar wannan, har yau. Mai yiwuwa juya tukunyar kawai aka yi. Amma yadda Gwaggo take magana, kamar aikin wata maƙwabciyarta take suka, wadda ta san ta iya amma ta yi gaggawa.

Sai na ba ta dunƙulen, na ce maƙwabcina ya ce nauyin koma ne.

"Namiji ne ya faɗa maka," ta ce. "Gululu ne, na kaɗin zare."

Ta aike ni ɗakinta in ɗauko mata taskira, ɗan kwandon da take ajiye kayan kaɗi. Ta zare gululun da ke gindin mazarinta, ta cusa ɗaya daga cikin nawa, ta ɗan naɗa zare don ya kama. Ta dangwali alli, ta ja auduga, ta murza. Mazarin ya juya sumul, bai yi rawa ba. Ta kaɗa zare kamar kamu biyu sannan ta tsayar.

"Ya ɗan yi nauyi. Na abawa ne, zare mai kauri. Bar mini wannan."

Na bar mata. A mota ina komawa Gashuwa na yi ta tunanin wanda zan gaskata, ganin kowannensu ya gwada a gabana kuma abin ya yi aiki. Da na faɗa wa maƙwabcina abin da Gwaggo ta ce, ya ce ai mata komai suka samu mai huda sai su soka masa tsinke.

Maganar ta kwanta har kusan shekara. Wani abokin aikina mai koyar da tarihi ya ɗauki hoton tukunyar da waya ya tura wa wata malamar jami'a da ke binciken abubuwan da mutanen da suka bari a ƙarƙashin ƙasa. Wata Asabar sai ga ta, ta zo wani aiki a yankin ta biyo. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da takalmin sawu-ciki da littafi a hannu. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta ce a nuna mata ramin. Na nuna mata salga.

Ta tsaya tana kallon simintin. Sannan ta fara tambaya. Zurfin nawa? Ƙasar da ke wurin baƙa ce ko ja? Akwai toka ko gawayi? Ƙashin kifi fa? Dunƙulen a jere suke, ko a tare wuri ɗaya? Duk amsata ɗaya ce, ban sani ba. Mai haƙan kuma ya koma ƙauye, ba ni da lambarsa.

"Malam, da a jere aka same su, da sai mu ce raga ce ta ruɓe ta bar su," in ji ta. "Da kuma a cikin ɗaki ne kusa da murhu, sai mu karkata ga kaɗi. Yanzu abin da ke hannunmu yumɓu ne mai huda."

Ba ta faɗa da zafi ba. Ta ce haka yake faruwa a ko'ina, kuma gara ni da na ajiye.

Ta ce mu fita mu zaga. A kan hanyar da nake bi kullum zuwa masallaci ta riƙa sunkuyawa tana tsintar tsingaro, wasu da irin zanen igiyar nan. Wani ma a jikin katangar ƙasa ta wani gida ta nuna mini shi, an kwaɓa da shi. Ta ce tudun duka kufai ne, gari ne aka yi ta ginawa a kan gari, ɗaki ya rushe a daddale a sake wani a kai, har ƙasa ta tashi. Su ma don gudun ruwa suka zauna a nan. Na tambaye ta shekara nawa. Ta ce ba za ta faɗi abin da ba ta auna ba.

Maƙwabcina ya fito ya same mu, ya maimaita mata bayaninsa, ni kuma na faɗi na Gwaggo har da batun bahaguwa. Ta rubuta duka biyun, ta tambayi yadda ake kiran nauyin koma da harshen Bade ta rubuta. Ta ce yawanci na raga ya fi wannan girma, na kaɗi kuma hudarsa ta fi tsukewa, waɗannan sun faɗo a tsakani. Ta ƙara da cewa garin da maza ke su, ba abin da zai hana mata su yi kaɗi. Tsohon ya ɗauka ta goyi bayansa, ya tafi yana jin daɗi.

Da aka zo ɗaukar tukunya sai aka tarar da matsala. Kazar matata ta daɗe da mayar da ita wurin ƙwai, a ranar ma tana kwance a kansu. Matata, wadda a da ko kusa da ita ba ta zuwa, ta ce in aka tashi kazar yanzu za ta ƙi ƙwan, ko malama za ta dawo bayan kwana goma? Malama ta ce ba ta san ranar da za ta sake biyowa ba. A ƙarshe aka samo tsohon kwano aka zuba ƙasa da ciyawa, matata ta kwashe ƙwan a hankali. Malama ta goge tukunyar, ta rubuta mata lamba da farin fenti a gindi, ta naɗe ta da tsohon bargo. Ta ɗauki dunƙule huɗu, ta bar mini biyu, ta ba ni takarda na sa hannu. Kazar ta koma kan ƙwanta bayan magariba.

Mun yi waya da malamar sau biyu bayan haka. Ta ce tukunyar tana ɗakin ajiyarsu, a katinta an rubuta sunan unguwarmu, da cewa an same ta a kife, ba a san amfaninta ba. Ta ce tana son su zo su haƙa wani gefe na tudun yadda ya kamata. Kafin su shirya, filayen da suka rage duk an gine su.

Biyun da ke komar maƙwabcina sun tafi da damina ta gaba. Ragar ta maƙale a wani kututture a ruwa, ya yanke gindinta ya baro shi can. Ya fi jin zafin dalmar.

Gwaggo ta rasu bayan shekara uku. Da aka gama zaman makoki muka shiga ɗakinta ni da 'yarta don fitar da kaya. A cikin taskira akwai mazari biyu da gululu shida, duk sun yi baƙi sun yi santsi saboda hannu. Na ba 'yar tata labarin, ta zube su a kan tabarma ta ce in ɗauki nawa. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na auna a tafin hannu. Biyu sun fi saura nauyi, amma ban iya rabe su ba, ban kuma zo da na gida da zan gwada ba. Na ce ta bar su tare. Ta mayar da su cikin taskirar, ta ɗaure a ƙullin kayan da za ta tafi da su gidanta. Ita ba ta iya kaɗi ba.