Mazagin Malam Sabo

Ku jingine tsintsiya, 'ya'yana, ku matso ku ba ni kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da aka ɗauke ni daga shara aka sa ni tafinta a asibitin nan na Inugu ba. Damina ce, ruwa na sauka kan kwano a hankali, farin labule na tashi yana kwantawa, kamar a mafarki.

Majinyacin Malam Sabo ne, mai albasa a kasuwar Ogbete, shi ke jan 'yan layinsu salla. Ciwon daji ya fito masa a ƙarshen hanji, dab da mafita. Ya ji an ce irin wannan yanke wurin ake yi gaba ɗaya, a huda ciki a maƙala jakar bayan gida har mutuwa. Har ya zura takalmi zai tafi.

Likita, wani ɗan Ibo da ba ya jin Hausa, ya ce, "Mama, gaya masa akwai naman da ya zagaye mafitar, shi ke tsukewa ya riƙe. Za mu gasa ciwon da inji ya motse, mu yanke ɓataccen, mu haɗa hanjin, mu bar masa naman nan. Jakar ta ɗan lokaci ce, kafin ɗinki ya warke."

To, ina mace, ga dattijo, da wane baki zan ambaci wurin? Na dubi ƙasa na ce, "Malam, wandon za a rage, amma ba za a zare mazagi ba."

Malam ya dubi mazagin wandonsa, ruwa na ta zuba. Can ya ce, "Baiwar Allah, tambaye shi, mazagin zai riƙe alwala?"

Likita bai san alwala ba, sai da na kwatanta masa da Turancin buroka. Ya ce, "Ba zan yi masa ƙarya ba. Da farko zai sha zirga-zirga. Wani yakan koma daidai, wani da saura."

Malam ya zare ƙafa daga takalmi. "A yi," in ji shi.

A ranar na gane mutanenmu ba wuƙa suke gudu ba, ibadarsu suke ji.

Likitan ya koma Fatakwal da aiki. Ni ciwon gwiwa ya zaunar da ni a unguwar Uwani. Malam Sabo kuwa, da aka cire jakar, ya daɗe yana salla a sahun baya, kusa da ƙofa, buta a gefe. Wata Azahar 'yan layi suka tura shi gaba, ya ja su har ya sallame. Da alwalar nan ya yi La'asar.