Sunan da Kakata Ta Kira

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Dutse, kakana ya kusa mutuwa da yunwa alhali kullum abinci na gabansa.

Tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da tabo a cinya da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, ya koma noman gero a ƙauyenmu kusa da Kiyawa. Ba ya ba da labarin yaƙi. In ka matsa masa sai ya ce ruwan sama ya yi yawa a can, shi ke nan. Amma kullum in ya dawo daga sallar asuba, sai ya zauna kan buzunsa a ƙofar ɗaki ya yi wa abokansa da suka mutu a fagen daga addu'a, kowa da sunansa da garinsu. Wane na Gwaram, wane na Jahun, wane Bafillacen Birnin Kudu, har mutum bakwai. Shida yana faɗarsu da ƙarfi kamar mai kiran fareti. In ya zo kan na ƙarshe sai ya sunkuyar da kai, leɓe kawai ke motsi.

Mu jikoki da muke zuwa hutu, waƙa muka mai da sunayen nan. Mu saɓa karan dawa a kafaɗa muna maci a tsakar gida, yayata ce kwamanda, in mun zo na bakwai sai mu sunkuya gaba ɗaya mu ce "mmm", mu tuntsire da dariya. Kakata ta biyo mu da tsintsiya. Ita kanta kuma ba ta bar shi ya huta ba.

"Kunu ya huce tun ɗazu, kakanku yana can yana kiran matattu," haka take cewa. "Mu rayayyun gidan nan ba ma son addu'a ne?"

Shi kuwa sai ya juyo mata kunnen nan da ba ya ji.

To, a shekarar da nake ba ku labari sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallame shi daga asibiti mahaifina ya kawo shi gidanmu a Takur don a kusa da likita, kakata ta biyo shi da ƙullin kayanta. Likita ya ce akwai alamun sauƙi, abinci kawai zai riƙa ci ya sha magani. Nan fa aka tsaya. Kunu, fura, farfesun kaza, duk abin da aka kai bakinsa sai ya datse haƙora. Ruwa kaɗai yake ɗan kurɓa. Kowace safiya sai ya ɗaga hannun hagu yana kwance, yana lanƙwasa yatsu, baki na rawa amma babu abin da ke fita sai gurnani. In ya gaji sai hawaye, ya juya fuska bango.

Kowa da fassararsa. Mahaifiyata ta ce awakinsa da ya bari a ƙauye yake ƙirgawa, aka buga waya aka tabbatar masa suna nan ƙalau. Limamin unguwa ya zo ya yi masa tofi. Mutum dai sai ramewa yake, har ƙashin wuyansa ya fito. Likita ya ce in aka ƙara kwanaki a haka, sai dai a mai da shi asibiti a zura masa robar abinci ta hanci. Ranar na ga mahaifina ya zauna a zaure ya yi tagumi, abin da ban taɓa gani ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Ni kuwa a lokacin ina jin kaina mai ilimi. Na ji rediyo na sanar da cewa ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta kusa, na tuna duk shekara yakan sa kakinsa ya zo Dutse ya jera da sauran tsofaffin sojoji. Na tara 'yan gida na ce musu na gano ciwon, kwanakin fareti yake ƙirgawa. Na hau mota zuwa Kiyawa, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauye, na ɗauko kakin da hular da lambobin yabonsa. Na goge kayan nan tas, na shiga ɗakin na ƙame na sara masa, na ɗora masa hular a ƙirji. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannun hagu ya ture ta ƙasa.

Kakata ta ɗauki hular ta kakkaɓe, ta ce, "Sannu da aiki, babban likita."

Ranar bikin da safe yayata ta zo daga gidan mijinta duba shi. Ta durƙusa gefen gadon tana tsokanarsa, "Angona, haka za ka rame ka bar ni? To ni fa ba na zama da ramammen miji." Ko motsi bai yi ba. Muka zauna kan tabarma a ɗakin. Ta hango kakin a rataye, ta yi murmushi ta ce mini, "Ka tuna macinmu na ƙauye?" Sai ta fara rera waƙar nan ƙasa-ƙasa, wane na Gwaram, wane na Jahun.

Kakana ya daki ƙarfen gado.

Na ce mata, "Yaya, yi shiru, kin ɓata masa rai." Ta yi shiru. Ya sake dukan gadon, wannan karon da ƙarfi, idonsa a kanta. Ya ɗaga hannu ya miƙe yatsunsa yana jira. Yayata ta kalle ni, ta kalle shi, ta sake faɗar sunan farko, ba da waƙa ba. Ya lanƙwasa yatsa ɗaya.

Sai a lokacin abin ya faɗo mana. Tun da muka san shi bai taɓa sa komai a bakinsa da safe ba sai ya gama wannan addu'ar. Mun saba da ita har mun daina jin ta, shi ya sa da ta tsaya babu wanda ya lura. Na ruga na kira mahaifina. Ya zo ya zauna ya ɗaga hannu, mu muna faɗar suna, shi yana cewa Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, mahaifiyata na amsawa da amin daga bakin ƙofa. Yatsun kakana suka ƙare, ya buɗe hannun ya sake farawa. Muka faɗi na shida.

Daga nan muka tsaya. Abin da muka sani game da na bakwai shi ne "mmm". Na kalli mahaifina, ya girgiza kai, shi ma bai taɓa ji ba. Yatsan kakana na tsaye, numfashinsa ya fara sama-sama, hawaye na gangara cikin kunnensa. Na ji kamar mun kawo shi bakin ƙofa ne muka rufe.

Sai muka ji muryar kakata daga bayanmu. Tana tsaye riƙe da kwanon kunu, ta faɗi sunan a fili, da garinsu, babu inda muryarta ta karye.

Sunan kakana ne. Ku da kuka san tsofaffinmu kun san abin da nake nufi. Tun da aka kawo ta gidansa bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Ko ɗan maƙwabta ne mai sunan, "mai sunan Malam" take ce masa. Mahaifiyata ta toshe baki da mayafi. Mahaifina ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya iya ƙarasa addu'ar. Kakana ya lanƙwasa yatsan, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, muka shafa. Sannan ya juyo wajen kakata ya buɗe baki.

Ta zauna ta ba shi kunun nan da ludayi har ya ƙare. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ya huce dai, kamar kullum."

Da yamma na same ta tana tsince wake, na ce, "Amaryata, ai da kin ce takwaransa ne, mu sai mu faɗa."

Ta ce, "Rana ɗaya suka shiga soja da shi. Da aka harbi kakanku a cinya shi ya goyo shi ya fitar da shi, ya koma ɗauko wani, bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba, babu likkafani, babu kabarin da 'yan uwansa za su nuna. Sunan nan kaɗai ya rage masa a duniya. Kakanku ya kasa faɗarsa a fili don nauyin da yake masa. Ni ma in ɓoye shi?"

Kakana ya ƙara shekaru bayan nan, har ya koma ƙauye yana dogara sanda. Yanzu duk sun rasu, shi da ita, Allah ya jiƙansu. Har yau in na tuna safiyar nan ina jin sanyin da ya sauka a raina lokacin da ya buɗe baki. Na kuma gane cewa kaki da lambobi na rana ɗaya ne a shekara, shi abin da yake tsoro shi ne gari ya waye babu wanda ya ambaci mutanen nan. Ni nake yi musu addu'a yanzu bayan asuba. Wata rana nakan makara, wata rana nakan manta, amma in na yi, na bakwai ma da ƙarfi nake faɗa.

Bayan safiyar nan, da harshensa ya ɗan saki, ina zaune a ɗakin ya dubi kakata, rabin fuskarsa na murmushi, ya ce da ƙyar, "Sake... faɗa."

Ta ja mayafinta ta miƙe, ta ce, "Sau ɗaya ne, Malam. Kuma ba kai na kira ba."