Majanyin da Aka Rataye a Igiyar Tarihi

Jiya da hantsi ina birkita akwati, ina neman abin da zan ƙara ɗaure goyon 'yata, sai hannuna ya faɗa kan wani tsohon majanyi na saƙi, baƙi mai ratsin fari. Na kai shi hanci. Har yanzu da sauran ƙamshin turaren wuta a jikinsa, haɗe da warin danshin nan na gidanmu na unguwar Erdington a Birmingham, wanda ko an wuni da hitar ɗumama ɗaki a kunne ba ya barin bango. Ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba. Kada ku ɗauka daɗi ne ya zaunar da ni. Tsohon kishi ne ya taso mini, sabo fil.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Umma mai alkunya ce irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In da ni take, sai ta ce "ke". In zancena take yi da wani, sai ta ce "waccan". A can gida 'yar fari ba ta rasa kaka ko gwaggo da za ta shagwaɓa ta, to mu kunyar kawai muka taho da ita Birmingham, muka baro masu shagwaɓawar. A bakin makaranta iyayen ƙawayena na rungume su kamar sun dawo daga yaƙi. Umma kuwa can nesa take tsayawa, da ta hango ni sai ta juya, in bi bayanta.

Na saba da hakan, har sai da aka cire ƙanena daga makaranta. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, hukumar gari na ta yanke wannan tana rufe wancan. Ƙanena yana da in'ina mai tsanani, aka kuma sallami matar da ke zama kusa da shi a aji tana taimakonsa. Yaro ya daina magana kwata-kwata. Umma ta ce ya isa haka, ita za ta koyar da shi a gida.

Lissafi da karatu ba su kawo gardama ba. Tarihi ne ya raba kan gidan. Abba ya kinkimo kwali guda na littattafai, Romawa da Misirawa da mayaƙan jiragen ruwa masu gemu, ya ce abin da ake koyarwa a ƙasar nan ke nan, kada yaro ya koma makaranta wata rana ya zama baƙo. Umma ta ce a fara da annabawa da ganuwar Kano. Aka yi ta yi, a kan tuwo, a cikin mota, a layin laburare da ta koma buɗewa rabin mako. Ni kuwa ina gefe ina cika ina batsewa. Haba! Shekara nawa ina zuwa makaranta, wa ya taɓa ɓata miyarsa a kan abin da za a zuba mini a kai? In dawo da yamma hannuwana sun ƙage don sanyi, in tarar da Umma da ƙanena kwance a kan kafet, tana jan sunansa tana ƙara masa wani ɗan kirari. Wallahi har tuwon daren ba ya wuce mini.

Da ganye ya fara zuba, aka ba mu hutun tsakiyar zango, muka tafi Manchester. Kakarmu ta wajen uwa ta zo ganin likitan gwiwa, tana zaune a wurin Kawu a Whalley Range, cikin irin manyan gidajen nan da aka yayyanka aka yi flat-flat. Muka same ta manne da hita, safa biyu-biyu a ƙafa, tana goga goro a magogi saboda haƙora sun yi sallama. Abba ya russuna ya kai ƙara, Umma ta faɗi nata.

Kaka ta watsa goro a baki, ta ce, "Yaron da bai san yadda aka yi aka haife shi a ƙasar sanyi ba, shi za ku ɗauka ku kai Rum? Ku fara masa daga ƙofar ɗaki. Abin da zai taɓa da hannunsa tukuna, sannan ku riƙa ja da baya."

Ban san bakina ya buɗe ba. Na ce, "To ni fa? Ni ba wanda ya damu da abin da na sani!"

Kaka ta tuntsire da dariya har tana tari. "Ji min 'yar fari da ƙorafi! Tambayi uwarki mana."

Na dubi Umma. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tashi ta shige kicin. Na ɗauki wannan a matsayin amsa, na yi kukana a mota har muka iso gida.

Shawarar Kaka aka bi. Umma ta ɗaura igiyar shanya daga ƙofar falo har ƙarshen baranda, ta riƙa maƙala abubuwa. Farko ɗan zoben roba da aka sa wa ƙanena a hannu a asibiti ran da aka haife shi, sai hular Abba ta ranar aure, sai carbin Kaka, sai hoton ganuwa, ana ta ja da baya. Romawan Abba can suka ƙare a bakin ƙofar banɗaki, ya yi mita ya gaji. Kusa da farkon igiyar aka rataye wannan majanyi. Kullum ta ƙarƙashinsa nake wucewa da jakata, amma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Wata ranar hunturu na dawo, takalmina sharkaf, na tarar da ƙanena zaune a matakala yana jirana. Maganarsa ta fara dawowa a lokacin, Turancin Birmingham da ɗan yayyafin Hausa, yana cijewa yana saki.

Ya ce, "Yaya, yau ke muka yi."

"Kun yi ni kamar yaya?"

Ya nuna majanyin, ya shiga karanto mini darasinsa. Wai da shi Umma ta sauko da ni daga jirgi. A wani ɗaki suka zauna a saman bene a Aston, Abba yana jami'a tun safe har duhu, ita ba ta san kowa ba, ba ta jin Turancin mutanen unguwar. Sai ta goya ni ta tsaya a taga tana yi mini hira da Hausa har in yi barci. Da lokacin yaye ya yi, Kaka ta aiko a kai mata ni Kano, kamar yadda ake yi da 'yar fari. An sami mai tafiya, an haɗa kayana. Ranar tafiyar Umma ta goya ni, ta ɗaure majanyin tamau, ta ce ba inda za a kai ni. Ba ta taɓa yi wa mahaifiyarta musu ba sai ranar, kuma an daɗe Kaka ba ta amsa gaisuwarta.

Na ce, "Ta faɗi sunana?"

Ya girgiza kai. "Waccan ta ce. Amma ta yi kuka."

Na shiga kicin. Tana soya albasa, ta ba ni baya. Na tsaya ina jira. Ba ta juyo ba, ta ce, "Ke, miƙo min gishiri." Na miƙa mata.

Yanzu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ƙanena yana jami'a, tarihi yake karanta, in ya fara zuba sai an roƙe shi ya yi shiru. Ni kuma ina kiran sunan 'yata, ita ma 'yar fari, har maigidana ya ce zan ƙarar da shi. Zamani ya sake, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Amma kishin nan bai tafi ba, gaskiya ɗaya ce. Labarina ne, a bayan Umma aka yi shi, amma ƙanena ne ya ji shi daga bakinta, ni sai a matakala na tsinta. Ko majanyin ma ta hannunsa ta aiko ranar sunan 'yata, ta ce a ba waccan.

Jiyan dai na goya 'yata da shi, na kira Umma a waya ta bidiyo, na juya don ta ga jikarta. Ta ga majanyin. Ta ƙura masa ido har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ta kira sunan jaririyar da cikakken baki, ta ce, "Gaya wa uwarki ta ƙara ɗaure shi. Ta hagu yake zamewa."