Tsibirin Kaka a Kan Dutse

Akwai wata sanda a bayan ƙofar ɗakina da duk wanda ya shigo sai ya tambayi amfaninta. Ta yi gajarta a dogara, ga wasu tsage-tsage da aka yi mata da wuƙa daga gindi zuwa tsakiya. Maigidana ya sha cewa in jefar da ita, ni kuwa na sha ce masa ya fara jefar da ni tukuna. Shekaranjiya hadari ya taso daga wajen Ɗa'ifa, ƙamshin ruwa a kan dutse mai zafi ya shigo ta taga, sai kawai na gan ta a hannuna, ban san sanda na ɗauko ba. Bari dai in ba ka labarinta, ko na rage abin da ke cina.

Sandar ta Kaka ce, mahaifiyar Babana. A wani tsibiri na tafkin Chadi aka haife ta, cikin masunta, inda ko gidan suna za ka sai ka shiga kwale-kwale. Ta biyo mijinta ta Sudan suka zo aikin Hajji, shi Allah ya karɓi abinsa a nan Makka, ita kuma ta zauna da ɗanta ɗaya tilo, tana sayar da gyaɗa da kuka a ƙofar gida. Baba ya girma ya zama magini, ya samu iƙama, wato takardar zama, ta hannun wani ɗan kwangila, ni da Umma muka shiga ƙarƙashinsa. Kaka ce kaɗai ba ta da takardar komai. In an yi mata maganar sai ta ce ita da ta riga rabin benayen garin nan zuwa, wace takarda kuma za ta nuna.

Ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidanmu, can gangaren bayan Misfala. Duk unguwar za a rushe. Baba ya shiga neman haya, ya taka Tandabawi, ya taka Ka'akiyya, ko'ina magana ɗaya ce: a kawo takardar duk wanda zai kwana a gidan. Wani mai gida har shawara ya ba shi, wai ya miƙa tsohuwar a mayar da ita ƙasarsu kowa ya huta. Ranar Baba bai ci abinci ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa, Umma na kuka a madafa, ni kuma ina jin motocin rusau suna cin layin da ke bayanmu. Abin da ke gabanmu a fili yake, ko mu samu inda za mu ɓoye Kaka, ko mu rabu da ita.

Haka muka hau dutse. Can bayan Ka'akiyya, inda kwalta ta ƙare, akwai wasu duwatsu baƙaƙe da ba kowa sai birai da awakin wani tsohon Balarabe. Ba famfo, ba wayar lantarki, ba hanyar mota. Baba ya goya Kaka ya hau da ita don ta ga wurin da idonta, ita ce kuma ta zaɓi inda za a kafa gidan. Ko'ina dutse ne da ko diga ba ya shiga, sai wani lungu tsakanin kafaɗu biyu na dutsen, mai yashi mai laushi da bishiyar ƙaya guda ɗaya. Da la'asar inuwa na rufe shi, kuma daga titi ba mai hango shi. Kaka ta ɗebi yashin ta murza a tafin hannu, ta ce irin na tsibirinsu ne sak. Ni abin da ya burge ni tsakuwoyin wurin ne, sumul-sumul, masu daɗin carafke. Ban tambayi abin da ya goge su haka ba.

Baba na cikin haƙa tushe sai ga tsohon nan mai awaki. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna saman lungun da sandarsa ya ce da Kaka, "Ya Hajja, hada ɗarig as-sel." Larabcin Kaka na ciniki ne kawai, don haka ni na fassara mata: ya ce nan hanyar ambaliya ce.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi titi can ƙasa inda motoci suka koma kamar ƙwari.

"Ƙawata, gaya masa a cikin ruwa aka yanke min cibiya," in ji ta. "Ruwan da zai hawo nan sai ya fara cinye Makka gaba ɗaya."

Na gaya masa, na rage kaifin. Ya ɗaga kafaɗa ya kora awakinsa. Na ga Baba ya tsaya da shebur a hannu yana duban sama. Ba ya musu da mahaifiyarsa, kuma gaskiya ko ya yi musun, ba wani wurin da hannu ɗaya zai iya haƙawa. Shekaru kuma an yi ba a ga ruwan kirki a wajen ba.

Da tarkacen tsohuwar unguwarmu aka gina gidan. Bulon da bai fashe ba, kwanon rufi mai tsatsa, ƙofar wani maƙwabcinmu da har lambar gidansa na jiki. Baba na tashi daga aikin mutane ya zo ya kama nasa, yana hawa da bulo a kafaɗa har fatar wurin ta saɓule. Ni da Umma muna kwaɓa siminti da ruwan da muke jin zafin zubarwa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, sai farantin sola guda da batirin mota, masu riƙe ƙwan fitila ɗaya da fanka ɗaya. Fankar ta Kaka ce, kowa ya sani, ko da yake kullum sai ta juyo mana da ita.

Kada in yi maka ƙarya in ce zaman ya yi daɗi. Wahala ce tsagwaronta. Da rani dutsen nan yakan ɗauki zafi har ba ka iya dafa shi, kwanon rufin kuma ya mayar da ɗaki tanda. Motar ruwa, wadda muke kira wayit, a gindin dutse take tsayawa, ranar da ta ga dama. Ni da Umma mu sauka da jarkoki, mu hawo muna tsayawa muna haki, igiya na cin hannu. Ruwa ɗaya sai ya yi aiki uku: a wanke shinkafa, a wanke kwano da shi, sannan ya tafi ban ɗaki. Akwai ranar da biri ya ture mana jarka cikakkiya, Umma ta zauna a ƙasa tana kallon yashi na shanye ruwan, ta yi kukan da ko a ranar rusau ba ta yi ba. Na tsani dutsen nan, na tsani jarka, kuma a lokacin har Kaka nakan ji haushi, don na san saboda ita muke can.

Ita kuwa ba ta taɓa sauka ba, don tsoron masu tambayar takarda. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana iyo, ga ta tana alwala da rabin kofi. Ta sa wa wurin suna tsibiri. In Baba ya tafi aiki sai ta ce ya tsallaka, titi kuma bakin ruwa take kiransa. Ba ta faɗin sunan Baba, kasancewarsa ɗan fari, sai dai ta ce "wancan" ko "babanki". Da magariba takan zauna a gindin ƙayar, ta hango koren hasken agogon Harami can nesa, ta ce ai ko a tsibirinsu haka suke hango wutar masunta.

Da sanyi ya fara shigowa ta sa aka saro mata reshen ƙayar, ta zauna ta fere shi, ta yi masa tsage-tsagen nan. A garinsu, in ji ta, da sanyi tafki ke cika, kuma a hankali yake tasowa. Kowane gida na kafa sanda a bakin ruwa. In ya taɓa tsagar farko a kwashe kifin da aka shanya, in ya kai ta tsakiya a ɗaga hatsi, in ya kai ta sama a kwance bukka a matsa tudu. Ba wanda ruwa ya taɓa ci a tsibirinsu sai rago. Ta aike ni na kafa sandar a ƙasan gidan, inda lungun ya gangara. Wannan ce amsarta ga mai awaki. Kowace safiya sai ta ce, "Ƙawata, je ki gaida sanda." In je in dawo in ce, "A bushe take, Kaka." Sai ta gyaɗa kai kamar ta ci wata shari'a.

Sanyi na biyu, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sama ta yi baƙi ta wajen gabas. Aka fara yayyafi, sannan ruwa sosai. Zo ka ga murna. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, tukwane, bokitai, har murfin kula. Baba na gida, yana tare ruwan indararo da jarka yana dariya. Kaka ta fito tsakar gida ta cire kallabi, ta ɗaga fuska ruwa na dukanta, ban taɓa ganin ta haka ba. Can ta tuna, ta ce in je in duba sanda.

Na gangara a guje. Sandar na nan, ruwan sama ya jiƙa ta, amma a gindinta ko kwanciya ruwa bai yi ba. Na juyo zan ƙwala mata cewa bai taso ba, sai na ji wata ƙara kamar ta motocin rusau. Na ɗaga kai. Daga saman lungun, bayan gidanmu, wani jan ruwa ne ke gangarowa da duwatsu a cikinsa. Ihun da na yi ban san da wane harshe na yi shi ba. Na ga Baba ya saki jarka ya suri Kaka, Umma ta bi su suna rarrafe a kafaɗar dutsen, ni ma na haye wani falale ta ɗaya gefen. Ruwan ya daki bangon baya, ya fito ta ƙofar gaba da katifa da batiri da tukwanen da muka jera. Kafin wani ya gama salati rufin ya kwanta. Sai da komai ya lafa na ga sandar a hannuna, ashe na fizge ta.

Kaka ta daɗe zaune a kan dutse tana kallon inda gidan yake. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi maganar. "A garinmu ruwa sallama yake yi," ta ce. "Ni ƙasa na sa a duba."

Mai awaki ya ba mu wata rumfa kusa da garkensa, bai kuma taɓa tuna mana abin da ya faɗa ba. Baba ya rantse zai sake gini a sama, kan dutsen kansa. Ya samo guduma da kurfi, ya yi kwanaki yana dukan falalen nan, hannunsa ya fashe, abin da ya fasa bai kai a binne tukunya ba. Ya daina zuwa aiki. Umma ta kama tari. Kaka na zaune tana kallon duk wannan.

Wata safiya ta yi wanka da ruwan da ya rage, ta sa farin mayafinta, ta ce in kama mata hannu za ta tsallaka. Baba ya gane nufinta. Ya jefar da gudumar ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki ƙara min mako ɗaya. Wallahi zan fasa shi."

Sai ta kira sunansa. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, shi ma na tabbata bai taɓa ji ba. Ta ce, "Tashi ka nema wa 'yarka ɗaki mai famfo. Ni na zaɓi wurin nan, ni zan biya." Baba ya kifa kai a ƙafafunta yana kuka kamar yaro. Da ƙafarta ta sauka dutsen, ta ƙi yarda a goya ta, ta je ta miƙa kanta a mayar da ita gida.

Ba a yi wata ba muka samu haya a Ka'akiyya. Sau ɗaya na ji muryarta bayan nan, ta wayar wani ɗan'uwa. Ta ce ta isa tsibirinsu, amma a bayan a-kori-kura ta isa, don ruwan ya janye ya bar wurin, ko kwale-kwale ɗaya ba ta gani ba. Sannan ta yi 'yar dariya ta tambaye ni sanda. Na ce a bushe take. Ta ce, "Nan ma haka." Ba ta kai sanyi na gaba ba.

Yanzu ina zaune a bene hawa na uku, in na murɗa famfo ruwa ya zo, in na danna bango wuta ta kama. An yanka dutsen nan an fitar da titi ta gefensa, na wuce a mota ban ma gane lungun ba. Yaran yanzu in an yi ruwa waya suke ɗagawa suna ɗaukar hoto, ni kuwa har gobe saman duwatsu nake fara duba. Nakan buɗe famfon nan in tuna da me aka saye shi.

Shekaranjiya da ruwan ya ɗauke, na shafa tsage-tsagen ɗaya bayan ɗaya, na mayar da sandar bayan ƙofa. Ba kowa a ɗakin, amma sai da na faɗa.

"A bushe take, Kaka."